Masana'anta a bayan ƙaramin layin dogo: saye ko gini da hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kaduna nake. Yayana ya kawo mini ƙaramin jirgin ƙasa na Hornby daga Ingila, ma'aunin OO, kai ɗaya da taragun kaya. Na shimfiɗa layin a kan kanta jikin bango, tsawonta mita 2.4, faɗinta santimita 45. Daga tsakiyar layin ƙarshe zuwa bango saura kimanin santimita 8. Ina so masana'antu da sito su cika bayan, amma duk ginin da na gani a intanet ya fi wurin faɗi. Ina zan samu wanda zai shiga, ko kuwa yaya zan gina da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Santimita 8 ɗin nan da kake gani kamar ƙunci, ya isa har da saura. Abin da ya ruɗe ka shi ne cikakken gini mai bango huɗu kake nema, alhali masu wannan harka ba sa sa cikakkiyar masana'anta a bayan shimfiɗa, don ba za ta taɓa shiga ba. Ga lissafi ka gani. A ma'aunin OO, kowane milimita 4 yana tsaye ne a madadin ƙafa ɗaya, wato an rage abu sau 76. Masaƙar Salts Mill da ke Saltaire kusa da birnin Bradford a Ingila, wadda aka buɗe a 1853, babban gininta kaɗai tsawonsa ƙafa 545 ne. In ka rage shi zuwa OO zai ci mita 2.18, kusan kantarka duka ke nan. Bututun hayaƙin Lister Mills a cikin Bradford ɗin ya kai kimanin mita 76, a ma'auninka kusan mita guda, zai wuce kanka in kantar tana daidai ƙirji. Shi ya sa kamfanonin da ke sayar da gine-ginen kwali da roba suke matse su, har ka ga abin da aka rubuta wa masana'anta a jikin kwali, amma tarago biyu za su kwashe ta, ita da injunanta da ma'aikatanta.

Shawarata guda ɗaya ce, sauran bayanin duk a kanta ya rataya: zaɓi babbar masana'anta ɗaya wadda ta fi ƙarfin kantarka, ka gina bangonta mai fuskantar layin dogo kawai, ka bar sauran a zuciyar mai kallo. Dogon bango ɗaya da ya miƙe har bakin kanta ya katse, ya fi ƙananan masana'antu biyar a jere kamar shagunan kasuwa. Ido in ya ga bango ya katse a gefe, da kansa yake ƙarasa ginin. In kuwa ya ga ƙurya huɗu duka, nan take ya auna, ya gane abin wasa ne.

To wace masana'anta? Dubi taragun da ke hannunka, su za su faɗa maka. In rufaffu ne masu ƙofa a gefe, sito kake buƙata, ko masaƙa, ko gidan niƙa fulawa, mai dakalin lodi da ƙofofi a jere. In buɗaɗɗu ne na gawayin kwal, to ɗakin tukunyar tururi da bututun hayaƙi ne za su ba su dalilin zuwa. In na mai ne masu tanki, sai ma'ajiyar mai da tankuna da bututu. Na sha ganin shimfiɗa mai kyau da aka kashe wa kuɗi, amma taragon mai yana tsaye a ƙofar gidan burodi, ba wanda ya san me ya kawo shi.

Kafin ka tura wa kowa ko kwabo, je shagon unguwa ka karɓo kwalayen banza biyu ko uku, ka sayi reza da salatif. Yanka siffar gine-ginen da kake tunani, ba taga ba fenti, ka jingina su a bayan layin, ka bar su mako guda kana wucewa kana kallo. A nan za ka gane wanda ya yi gajarta, da wanda ya rufe maka hannu in tarago ya sauka daga layi. Kan jirgin OO tsayinsa bai wuce santimita 5 da ɗan ɗoriya ba. Ginin da zai danne shi yadda masana'anta take danne jirgi a zahiri sai ya kai santimita 15 zuwa 25. Yawancin masu farawa gajeru suke yi, don tsoro. Kada ka ji tsoron tsayi, ba ya cin fili.

Da kwalin nan kuma za ka auna tazara. Taragon OO faɗinsa kimanin milimita 36 ne, rabinsa 18, don haka bar milimita 25 zuwa 30 daga tsakiyar layi zuwa bango a inda layin yake a miƙe. Inda ya yi kwana, ɗauki tarago mafi tsawo da kake da shi, ka tura shi da hannu kana riƙe da fensir a ƙuryarsa, ka bi zanen da ya bari. Ka ga ke nan daga santimita 8 ɗinka saura 5, kuma cikin 5 ɗin nan za ka iya yin hawa uku na zurfi. Can jikin allon baya, wato allon da za ka kafa a tsaye jikin bango a bayan gine-ginen, hoto ne shafe, ba kauri. Gabansa fuskar gini mai kaurin milimita 5 zuwa 10. Gaban wannan kuma rabin gini mai zurfin santimita 3 zuwa 5, wanda ke da ɗan gefe da ɗan rufi. Kada duk su tsaya a layi ɗaya kamar sahun salla. Wani ya fito, wani ya koma ciki da santimita ɗaya ko biyu, inuwar da ke tsakaninsu ita ce ke yin aikin.

Abu ɗaya da nake roƙon ka kada ka yi wa ƙiyasi: ƙofofin lodi. Haɗa taragu uku ko huɗu, tura su gaban kwalin, ka yi alama da fensir daidai inda ƙofar kowane tarago ta tsaya, ka kuma yi alamar tsayin daɓensa. Nan ƙofofin sito za su kasance, tsayin dakalin lodi kuma daidai da daɓen tarago. Ranar da ka ja jirgi ya tsaya ƙofa ta fuskanci ƙofa, ko wanda bai san harkar ba zai ji abin ya zauna.

Yanzu batun saye. Akwai su, kuma abin da za ka riƙa dubawa a bayanin kaya shi ne zurfin gini, duk wanda bai wuce milimita 50 ba naka ne. Kamfanin Metcalfe na yankin Yorkshire yana yin gine-ginen kwali da aka riga aka buga aka yanka, a OO da N (ma'aunin da ya kai kusan rabin OO), har da rabin gini, kuma da yake shafe suke zuwa, ba su da nauyi a jaka in wani zai taho maka da su. Aibinsu shi ne kowa yana da su, kuma duk inda aka naɗe kwalin, fari yana fitowa a ƙurya, sai ka bi da fensir mai launin bulo ka rufe. Hornby da Bachmann suna da waɗanda aka riga aka gama aka fente, masu suna Skaledale da Scenecraft, amma nauyi gare su, ga saurin ɓallewa a hanya, kuɗin aiko su na iya fin kuɗinsu. Ga mai zama a Kaduna, wanda ya fi dacewa shi ne irin na Scalescenes: ka biya, ka sauke takardun zanen a kwamfuta, ka buga sau nawa ka ga dama, ka manna a kwalinka. Ba jiran jirgin sama, ba kwastan, kuma in ka ɓata bango sai ka sake bugawa. Da zanen sito ɗaya za ka iya buga shi sau uku ka jona, ka sami dogon bangon da nake magana.

Na roba mafi yawa na ma'aunin HO ne, wato ragi sau 87: Walthers na Amurka yana da jerin Cornerstone da ke ɗauke da gine-ginen baya, Jamusawa kuma suna da Kibri da Faller da Vollmer da Auhagen. Kada HO ta tsorata ka. Ta gaza OO da kashi ɗaya cikin takwas ne kawai, kuma a baya wannan ƙanƙanta taimako ce, tana sa ginin ya yi kamar ya fi nisa. Matsalar a ƙofar mutum take fitowa, don haka kada ka tsayar da mutum-mutumin OO a bakinta. Na Amurka kuma a cire musu matakalar ƙarfe ta waje da tankin katako na kan rufi, in dai Ingila ake son nunawa. Dabarar da aka daɗe ana yi da irin waɗannan ita ce: ka sayi cikakken gini, amma maimakon ka haɗa bangon huɗu su yi akwati, sai ka jera su a miƙe. Bangon baya da ba wanda zai gani ya dawo gaba, tsawo ya ninka. Wasu kan sa gine-ginen N, masu kusan rabin girma, can baya don su yi kamar unguwa mai nisa. A kanta mai santimita 45 ban ba ka shawara ba, sai dai ko kan rufi da bututu da za su leƙo ta bayan bango. Da zarar jirgi ya gifta kusa da su, asiri ya tonu.

Amma ni, in da ni ne a matsayinka, da hannu zan gina, don masana'anta ita ce gini mafi sauƙi: bango, taga, bango, taga, abu ɗaya ana maimaitawa. Kayan aikin duk suna nan gida. Kwali mai kauri irin wanda masu ɗaure littattafai da ɗaliban zanen gine-gine suke amfani da shi, mai milimita 2, shi ne jiki. Masu buga allunan talla suna da farin allon roba mai laushi, na milimita 3 ko 5, yana yankuwa da wuƙar reza, ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta cin sa, kuma sau da yawa guntayen da suka zubar sun ishe ka. Sai rula ta ƙarfe, da farin gam na kafintoci, da reza sabuwa. Reza in ta dakushe yage kwali take yi, canza ta tun kafin ta nuna maka. Kuma kada ka nemi yankewa da bugu ɗaya, bi layin sau uku ko huɗu a hankali.

Awon ba wuya in ka riƙe 'yan lambobi. Mutum mai tsayin mita 1.7 milimita 22 ne. Ƙofar mutum kimanin 27. Hawa ɗaya na tsohuwar masaƙa, mai mita 4 ko fiye, milimita 53 zuwa 60. Jan bulon Ingila da simintin da ke tsakaninsa milimita 75 ne kowane sahu, a OO kusan milimita 1 cif, saboda haka in kana da hoton gini, ƙirga sahun bulo ka san tsayinsa. Takardar A4 a kwance tana ɗaukar bango mai mita 22 da rabi, A3 kuma mita 32. In ka je bugawa, zana layi mai santimita 10 a gefen shafin, ka tafi da rularka. Masu shagon buga takardu sun saba barin kwamfuta ta rage shafi don ya shige takarda, in ba ka auna ba sai ka dawo gida da bulo iri biyu a bango ɗaya.

Taga ita ce inda aikin yake, ita ce kuma inda ake gane na gwani. Bangon masaƙa kauri gare shi, gilashi yana can ciki, ba a fuskar bulo ba. Don haka bangonka ya zama hawa-hawa kamar wainar da aka jera. Na gaba kwali ne mai takardar bulo, an huda tagogin. Yadda ake huda su: yanka ramin a kwalin tukuna, manna takardar bulo a kai, sannan ka juya ta baya ka tsaga takardar daga ƙurya zuwa ƙurya, ka naɗe leɓunan huɗu zuwa ciki ka manne. Haka bulo zai zagaya cikin ramin, kaurin milimita 2 ɗin ya bayyana kamar kaurin bango na gaske. Bayansa roba mai gani-har-hanji, irin wadda ake sa wa takardu a gaba in an ɗaure su. Bayan wannan, da ratar milimita 5 ko fiye, kwali mai launin toka mai duhu. Ba baƙi wuluk ba, baƙi yana yin kamar rami.

Sandunan taga, waɗanda suka raba gilashin gida-gida, hanya uku ake bi. Ko a buga su kai tsaye da injin buga takardu na leza, a jikin roba mai gani-har-hanji irin wadda aka yi don wannan injin. Ko a manna farar takarda mai gam a jikin robar, a zana, a yanke gidajen gilashin da reza a ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, sandunan su rage. Wannan tana da kyau amma tana cin rai: hawa 4, taga 15 a kowane hawa, taga 60 ke nan, kowace da gida 12. Ta uku ita nake bi: ka karce robar da bayan reza a kan rula, ka shafa farin fenti ko mai toka-toka, ka goge nan take da tsumma, fentin ya maƙale a cikin karcen kawai. Layin da ke fitowa siriri ne fiye da duk abin da hannu zai iya yankawa. In kana da wanda ka sani cikin masu yanka allunan lambar yabo da injin leza, kai masa zanen, cikin 'yan mintoci zai huda maka bango duka daidai wa daida. Kada ka kusantar da gam mai kama nan take da robar nan, tururinsa yana sa ta yi fari kamar hazo. Ko da yake, in gaskiya za a faɗa, tagar masana'anta mai hazo ba laifi ba ce. Nakan shafa wa wasu gidajen gilashi toka-toka, in bar ɗaya ko biyu a fashe, in toshe taga guda da bulo mai wani launi daban, kamar yadda ake gani a tsofaffin gine-gine.

Bayan tagogi, ƙara ginshiƙai. Yanka siraran kwali masu faɗin milimita 6 zuwa 8, naɗe su da takardar bulo, manna su a tsaye tsakanin kowace taga biyu. Su ne kuma za su rufe maka mahaɗar takardu. Sai dogon ɗauri a sama, da ɗan dakali a ƙarƙashin kowace taga, da indararo da bututun ruwan sama na wayar lantarki da aka miƙar. Milimita ɗaya ko biyu kowannensu ya fito, amma in fitila ta haska su daga sama, bangon ya daina zama takarda.

Bari in ba ka labarin kuskurena don kada ka maimaita. Bangon farko da na yi mai tsawon kusan mita ɗaya, na kwashe makonni uku ina huda tagogi da daddare. Na shafa farin gam a wadace, na manna takardar bulo a fuska ɗaya, na jingina shi. Da rani lafiya lau. Damina na sauka, wata safiya na shigo na tarar ya lanƙwashe kamar kwamin jirgin ruwa, tsakiyarsa ta turo har tarago na gogar ta. Takarda in ta sha gam mai ruwa tana buɗewa, in ta bushe ta ja kwalin zuwa ɓangarenta. Maganin shi ne duk abin da ka manna a gaba, ka manna irinsa a baya, ko da farar takarda ce, ka danne da littattafai kwana guda, sannan ka kafa masa haƙarƙari a baya, siraran katako ko kwali a tsaye da kwance, kowane santimita 10.

Rufi shi ne ke tona rabin gini. Mafi sauƙi bango ya wuce rufi ya ɓoye shi, kamar yadda manyan masaƙu da yawa suke. In rufi mai gangare kake so, ƙashin bayansa ya bi tsawon allon baya, ka yanke shi daidai tsororuwa. Rufin nan mai kama da haƙoran zarto, wanda ɗakunan saƙa na yankin Lancashire a Ingila suka yi suna da shi, gilashinsa arewa yake fuskanta don haske ya shiga ba tare da zafin rana ba. Yana da kyau ƙwarai in haƙoran suna kallon ka, amma daga gefe ana ganin zurfinsa santimita 3 ne kacal. Toshe gefen da wani abu mai tsayi: bututun hayaƙi, tankin ruwa a kan ƙafafu, ko wani ginin da ya fito gaba. Kwanon rufi kuwa, ga wata dabara: tazarar tudun kwano na gargajiya inci 3 ce, a OO milimita 1, kuma zaren kusar ƙarfe mai lamba M6 tazararsa milimita 1 ce daidai. Samo farantin alminiyam mara kauri irin na zuba abinci, yanka shi sala-sala, murza shi tsakanin dogayen kusoshin nan biyu, kwano ya fito. Rumbun fulawa ko na siminti, bututun ruwa na roba ne a tsaga shi biyu a tsaye, mai milimita 75 yana ba ka rumbu mai faɗin mita 5.7. Tankin mai, gwangwanin madara a naɗe shi da takarda.

Sai inuwa, wadda ba a tuna ta sai an kunna fitila. In hasken ɗakin yana zuwa daga bayan kanka, bututun hayaƙinka zai zana inuwarsa a jikin sararin samaniya, kuma sama ba ta ɗaukar inuwa. Sa doguwar fitilar LED a saman kantar, a ɗan gaba, ta haska ƙasa, gine-ginen kuma su manne da allon baya ba rata. In inuwar ta ƙi ɓacewa, zana wani gini mai launin toka a daidai inda take faɗawa, sai ta faɗi a kan bango maimakon gajimare. Allon bayan ma kada ka yi shi shuɗi shar. Garin masana'antu fari-fari ne mai toka, yana ƙara haske zuwa ƙasa. Lungu tsakanin gini biyu, bar shi da faɗin santimita 2, ka karkata shi, ka duhunta cikinsa, ka ajiye mota ko ganguna a bakinsa. John Allen na Kalifoniya, mai shahararriyar shimfiɗar Gorre & Daphetid, ya yi suna wajen sa madubi a irin waɗannan wurare don fili ya ninka, amma madubi sai an karkata shi yadda mai kallo ba zai ga fuskarsa tana leƙowa daga lungu ba. Inda layi ya fita daga fage ta gefe kuwa, ɗora gadar bututu ko rufaffiyar hanyar kaya tsakanin gini biyu, jirgi ya shige ƙarƙashinta ya ɓace.

Gindin gini kada ya zauna a kan ƙasa, ya shiga cikinta. Shimfiɗa kwali mai milimita 3 a matsayin ƙasa, ka yanke gurbin ginin, ya nutse ciki. In ba haka ba, baƙin layin nan na ƙarƙashin bango zai fito a kowane hoto ka ɗauka. Kuma kada ka manne gine-ginen dindindin. Ƙananan maganaɗisu biyu a baya sun isa, don ranar shara.

Tsufar da gini ba ya son yawa. Daka gawayi ya yi laushi, ka goga alli mai launin ƙasa da toka, ka ɗiba da busasshen buroshi ka ja daga sama zuwa ƙasa, ta inda ruwan sama yake bi: ƙarƙashin taga, gefen indararo, kan bututun hayaƙi. Abin da ke can baya ya fi na gaba kodewa, don haka in hoto za ka buga na jikin allo, rage masa ƙarfin launi tun a kwamfuta. Duk abin da ke ƙyalli a kashe shi da fanis mara sheƙi, a fesa sama-sama sau biyu, musamman in injin mai tawadar ruwa ne ya buga takardar, don ɗigon ruwa ɗaya yana wanke ta.

Akwai kuma wata hanya da ban so in rufe ban ambata ba, tunda a Kaduna kake. Ba dole ne bayan ya zama Bradford ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, kuma kawunan jirgi da yawa da suka ja gyaɗa da auduga da fata a layin nan a Birtaniya aka ƙera su. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo ta. Dogon bangon masaƙa, sito mai rufin kwano da ya yi tsatsa, tankin ruwa, da dalar gyaɗa da aka tsaga biyu aka jingina da allon baya, duk sun fi jan bulo sauƙin yi, kuma ba kamfanin da ke sayar da su, naka ne kai kaɗai. Bulon siminti namu mai milimita 450 da 225 yana fitowa kimanin 6 da 3 a OO, ana iya karce shi a allon roba da bayan reza. Mai tsananin bin ƙa'ida zai ce maka tsohon layin Najeriya faɗinsa milimita 1067 ne, wanda a OO ya kamata ya zama 14, naka kuwa 16.5 ne. Ka amsa masa cewa na Ingilan ma 16.5 bai yi daidai ba, ya gaza, kuma Turawan sun haƙura da shi shekara da shekaru.

In wannan ka zaɓa, hoto ne abokin aikinka. Nemi izinin masu gadi tukuna, kada ka tsaya kana ɗaukar masana'anta ko harabar jirgi haka kawai. Tsaya nesa, daidai tsakiyar bangon, ka jawo hoton, don layukan su miƙe. Ranar da hazon hunturu ya rufe rana ta fi, babu inuwa mai kaifi da za ta yi faɗa da fitilar ɗakinka. Gyara karkatar da manhajar GIMP, kyauta ce, ka auna da ƙofa ko sahun bulo, ka buga kwafi biyu: ɗaya a ƙasa, ɗaya a huda masa tagogi da ƙofofi a ɗora a kan kwali a sama. Gindin bangon kuma ka shafa masa jar ƙasa da aka tankaɗe, zuwa tsayin santimita ɗaya, inda ruwan damina yake fantsama.

Ƙurar hunturun da ta taimake ka a hoto ita ce za ta dame ka a ɗaki, tana kwanciya a layi ta hana wuta wucewa, tana shiga tagogi. Ɗinka wa kantar labule na yadi mara nauyi da zai sauko daga saman fitila, kuma kada kwali ya taɓa bangon ɗaki kai tsaye, saboda gara da danshi. Sa filawud a tsakani, ka fente shi gaba da baya.